Tabarmar Yaya Ladi da Akwatin Jita

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan ta zo gare ku, kuma wannan karon da ƙafarta ta zo, domin ni ce a cikinta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, saboda haka ni ke faɗa, ɗayarku ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana ko ɗaya. Abin da ya sa na zaunar da ku shi ne zancen da nake ji yana yawo a bakinku, wai kakarku ta Ketare ta tsani jitar ubanku, wai ni na sa ya rataye ta har tsirkiyoyinta suka yi tsatsa. Wanda ya gaya muku haka ya faɗi rabi, ya haɗiye rabi. Ga sauran.

Ubanku ɗan fari ne a wurina. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama inda yake zaune. Nonon ma a ƙuryar ɗaki nake ba shi, ina kau da kai idan wani ya shigo. Har yau ba ku taɓa jin sunansa a bakina ba, ba kuwa za ku ji ba. Da aka yaye shi sai yayata Ladi, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a Yankara kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi. Ina ɗaki ina tsince tsakuwa a cikin gero, ina jin kukansa yana nisa yana nisa har ya ɓace. Tsofaffin gidan suka yi ta yabona, wai yarinyar nan akwai kunya, ko leƙowa ba ta yi ba. Ni kuwa geron nan da hawaye na wanke shi. Ya tashi a Yankara, a gindin tallar daddawar Yaya Ladi. Mutane suka riƙa ce masa Na Ladi. Ita yana ce mata Inna, haka kawai, ba ƙari. Ni kuma Innar Ketare, kamar yadda ake cewa kasuwar Ketare ko hanyar Ketare. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya Ladi ba ta taɓa yi mini laifi ba. Ta riƙe shi da kyau, ta kwana a kansa lokacin ƙyanda, tana aiko mini da daddawa da labarinsa duk ranar kasuwa. Da ta cuce shi da na sami abin da zan riƙe. Ba ta ba ni ko wannan ba.

Gidanmu gidan makaɗa ne. Kakanku shi ke kaɗa wa manoma ganga ranar gayya, ubansa ma haka, saboda haka kiɗa ba abin kunya ba ne a wurinmu. Ubanku aka kai shi Funtua koyon gyaran rediyo, sai ga shi ya dawo da wata aba ja mai dogon wuya a bayansa, da wani baƙin akwati a ɗaure bayan babur. Jita ce, amma irin wadda ba ta da murya sai an sa mata waya. Idan aka kaɗa ta haka nan, sai ka ji kamar sauro. Idan aka jona wayar da akwatin, aka haɗa da batirin mota ko janareta, sai ta cika gari. Su suna ce masa amfilifaya, ni akwati na sani. Gabansa an rufe shi da wani ƙyalle mai kama da rariya, ta nan muryar ke fita. Bayansa kuwa a buɗe yake, kana hango wayoyi da wani baƙin faifai yana rawa kamar cikin kwaɗo.

Na san bayan akwatin nan fiye da kowa a duniya, domin shi nake kallo. Duk bikin da aka kira shi, na dangi ne ko na maƙwabta, a Yankara ne ko a Mairuwa, za a kafa shi a ƙofar gida bayan la'asar, akwatin yana fuskantar jama'a, bayansa yana jingine kusa da zana. Ni kuwa uwar ɗan fari, ina zan zauna? A bayan zanar nan, wurin masu tuƙa tuwo. Daga nan abin da ke zuwa kunnena shi ne gum, gum, wuuu, kamar ana magana a cikin randa. Ba na rabe wannan waƙa da waccan. Amma ta ramin zana ina hango Yaya Ladi a kan tabarmarta, can gefe kaɗan, ta rufe ido tana kaɗa kai, wani lokaci har tana share hawaye da bakin mayafi. Akwai wani kiɗa da ya yi mata, kowa na ce masa na Inna. Da ya fara shi sai mata su yi guɗa, su juya su dube ta. Idan an tashi sai ta zagayo wurina tana haki.

"Kin ji shi yau? Kin ji yadda ya sa ta kuka a ƙarshen nan?"

"Na ji," in ce mata.

Ban ji komai ba. Na yi ta tunani a raina, ko dai mutane suna yabonsa ne don ganin idon Yaya Ladi, ko kuwa Allah ne ya toshe mini kunne a kan abin ɗana, ya buɗe nata. Ta ɗauki goyonsa, ta ɗauki sunan uwa, yanzu daɗin hannunsa ma ita kaɗai ke sha. Shekaru ina haka, ina tuƙa tuwo ina haɗiye abin.

Sai shekarar da aka yi wani biki a Mairuwa, bayan an gama yankan dawa. Muna bayan zana kamar kullum, ya fara na Inna, guɗa ta tashi. Akwai wata mata a wurin, Tabawa ake ce mata, bakinta ba ya riƙe ruwa. Ta zungure ni da muciya.

"Ke kau ba ki ko motsi? Ɗan Ladi shina zuba zuma, kina zaune kamar an aiko maki da mutuwa."

Raina ya riga ya cika. Na ce, "Ku dai kuna jin zuma. Ni abin da ni ke ji, kamar sa ya faɗa rijiya shina neman a fid da shi."

Masu tuwo suka fashe da dariya. Kafin a kwashe tukwane maganar ta tsallake zana. Kafin kasuwar Yankara ta zagayo, yara na bin ubanku suna cewa ga sa a rijiya. Ku lura da kyau, jikokina, ban yi masa baki ba, ban ce ya bari ba. Abin da kunnena ya ji na faɗa, kuma har gobe ina kan bakana.

Shi kuwa ya naɗe wayarsa, ya rataye jitar a ƙusa, ya kife kwando a kan akwatin. A wannan kakar ne wasu makaɗa na Sabuwa suka zo nemansa, suna son ya shiga cikinsu su riƙa zagaya bukukuwa har Kaduna. Irin damar da ba ta zuwa wa yaron ƙauye sau biyu. Ya ce musu ba zai je ba. Ya ce sana'ar da wadda ta haife shi ta ji ta kamar kukan sa, babu albarka a cikinta, kuma idan ba ta yarda ba zai sayar da kayan ya koma gyaran rediyo. Suka ce za su jira shi har a gama sussuka, daga nan su nemi wani.

Da labarin ya iso ni, ba zan ɓoye muku ba, wani sanyi ya ratsa ni. Wadda ta haife shi, ya ce. Ashe ya san akwai ni.

Yaya Ladi ta zo Ketare da hantsi, ko ruwan da ƙanwar ubanku Hinde ta kawo mata ba ta taɓa ba.

"Mi yaron nan ya yi maki?"

"Ni mi na yi mashi? Ba ke ce Inna ba? Ki sa mashi albarkar, ya tafi."

"Tawa ya same ta tun shina goye. Taki ya ke so, ga shi can ya ƙi cin abinci."

"To in yi ƙarya? In ce na ji daɗin abin da ban ji ba?"

"Kishi ne ke cin ki, tun kina yarinya haka ki ke. Ko zane Baba ya saya mani sai kin yi kwana biyu ba ki magana."

"Zane daban, ɗa daban, Yaya."

Ta ɗauki ruwan ta sha, ta tashi ta tafi ba sallama. Kakanku yana zaure yana jin mu. Da yamma dai ya ce mini makaɗi ba ya gardama da kunnen mutum, sai dai ya tambaye shi inda ya tsaya. Ban gane ba a lokacin. Ashe ya aika wa ɗansa da wannan maganar.

Ba a daɗe ba sai ga babur a ƙofar gida bayan azahar. Ubanku ne, da akwati da jita da batir, Yaya Ladi a baya ta rungume tabarmarta. Na shige madafa. Ya durƙusa a tsakar gida ya gaishe ni ta bakin Hinde, kamar yadda muka saba, ni ma na amsa ta bakinta. Sai na ji ya ce:

"Hinde, tambayi Innar Ketare, in ina kiɗa, ina ta ke zama?"

"Shi bai sani ba?" na ce. "Inda uwar ɗan fari ke zama. Bayan zana."

Ya ɗauki akwatin ya ajiye shi a jikin zanar madafa, bayansa yana kallona, daidai yadda ake yi a biki. Ya jona waya. Ya rataya wa Hinde jitar, ya nuna mata inda za ta danna da inda za ta kaɗa, ya ce ta yi ta yi kada ta tsaya. Sannan ya zagayo, ya yi sallama, ya shigo madafa. Tun da aka yaye shi bai taɓa matsowa kusa da ni haka ba. Na juya masa baya ina gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ya tsuguna kusa da murhu, ya sunkuyar da kai. Hinde na kaɗawa, akwatin na yin abin da ya saba, gum, gum, wuuu. Ya daɗe a haka. Can sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta ƙi tsayawa, har ya zauna dirshan a cikin toka.

"Inna!" ya ƙwala wa Yaya Ladi kira. "Wallahi Innar Ketare ba ta yi ƙarya ba. Sa ne. Sa ne a rijiya, har da ƙahonsa!"

Ya fita yana bayani, yana nuna akwatin da hannu. Ya ce siririyar muryar jita, wadda ke ɗauke da waƙar, gaba take tafiya sak kamar hasken tocila, ba ta juyawa baya. Abin da ke zubowa ta baya kaurin ne kawai, zana kuma ta ƙara shanye ɗan abin da ya rage. Duk shekarun nan, in ji shi, ƙasan tukunya ake ba ni, wasu na cin sama.

"Hinde, ki roƙar mani ita ta fito gaba. Sau ɗaya. In ta ji ta ce sa ne, gobe in sayar."

Kafin nan ƙarar ta tara mutane. Matan maƙwabta sun cika ƙofa, wasu sun leƙo ta kan katanga. Fitowa gaban ɗan fari, a zauna ana kallonsa ido da ido, a gaban matan Ketare, ku ba ku san nauyin wannan ba. Na tsaya a bakin madafa. Sai na hango Yaya Ladi ta riga ta shimfiɗa tabarmarta can gefe, ta miƙe ƙafa kamar gidanta. Wannan ne ya fito da ni. Na ja mayafi, na ɗauki tabarmata, na wuce ta, na shimfiɗa a gaban akwatin sak, kusa ƙwarai, inda ita ba ta zama. Na ce a raina yau ni ce a gaba.

Ya juya akwatin sosai ya fuskance ni, ya karɓi jitarsa, ya tsaya, ya kaɗa.

Jikokina, kun san yadda ake goga ƙarfe a kan dutse? Haka abin ya shige mini kunne, kamar an tura allura. Haƙorana suka yi tsami. Ban san lokacin da na toshe kunnuwa da hannu biyu ba. Ya tsaya cak. Na ga fuskarsa ta faɗi, ya fara zare jitar daga wuyansa. Matan kan katanga suka fara ƙus-ƙus. Na ce shi ke nan, na fito na zubar da kunyata, kuma na kashe masa sana'a da hannuna a gaban jama'a.

Kakanku ne ya yi magana daga bakin zaure. "Kai a tsaye ka ke, ita a zaune. Duƙa ka ji."

Ubanku ya miƙa wa Hinde jitar, ya zauna a ƙasa ya sa kansa daidai bakin akwatin. Tana kaɗawa ya yi baya kamar an mare shi. Ashe shi da yake tsaye, muryar ta gwiwarsa take wucewa, ba ya jin kaifinta, sai ya yi ta murɗa abin ƙara kaifi har sai ta iso kunnensa. Wanda ke zaune a tabarma a gaba shi ke shan azabar. Ya riƙe baki ya ce, shi ya sa dattawan da ake shimfiɗa wa a sahun gaba ba su daɗewa, sai su ce za su je alwala.

Duk wannan abin Yaya Ladi tana zaune tana kallo. Sai yanzu ta matsa gefe ɗaya a kan tabarmarta, ta daddaɓa wurin da tafin hannu.

"Zo nan. Na daɗe ina jan tabarmar ga, yau nan, gobe can, kafin in samu wurin. Ba gaba sak ba, ba baya ba. Nan ne."

Na dube ta. A duk faɗin tsakar gidana, wurin da zan ji ɗana yadda yake, sai a kan tabarmarta, kafaɗa da kafaɗa, a wurin da ita ta gano. Na so in ce a bar shi. Na so in ce a juya akwatin har daɗin ya zo inda nake, ita ta ji allurar. Amma ga shi tsaye da jita a hannu yana jira, mutanen Sabuwa kuma ba za su jira har abada ba. Na tashi na bar tabarmata a nan, na je na zauna a tata.

Ya rage kaifin, ya kaɗa na Inna.

Ashe haka take. Ashe abar nan magana take yi. Muryar ta zo a zagaye, mai ɗumi, kaurin yana ƙasa yana riƙe da ita, siririyar tana yawo a sama kamar zare a hannun mai kaɗi. Tana hawa, ta tsaya ta yi rawa, ta sauko a hankali. Kuma na gane kiɗan. Kiran tallar Yaya Ladi ne, yadda take jan daddawa, daddawa a kasuwar Yankara, shi ya ɗauka ya mai da shi waƙa. Abin da ya ji tun yana goye a bayanta. Kuna tsammani raina ya yi fari? Hawaye dai sun zubo, amma kishin ninkuwa ya yi. Da ina kishin abin da ban sani ba. Ranar na san abin da take sha ita kaɗai duk shekarun nan, na san kuma babu kiɗan da zai yi mini irinsa, domin ban taɓa goya shi zuwa ko'ina ba.

Ya gama, ya sauke hannu. Na ce, "Hinde, gaya wa mai jita..."

Yaya Ladi ta dafa gwiwata. "Ga shi gabanki. Gaya mashi."

Ban iya duban fuskarsa ba. Akwatin na duba, na ce, "Sa ya fito daga rijiya. Ka tafi. Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka."

Ya durƙusa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

Abin bai tafi a banza ba. Matan Ketare suka sa ni a baki, wai tsofai-tsofai da ni na zauna ina kallon ɗan fari har da kuka. Wata tsohuwa da ta yabe ni ranar yaye ta daina amsa gaisuwata har ta rasu. Shi kuma albarkar da na sa masa ita ta ɗauke shi. Ya bi mutanen Sabuwa, daga Sallah sai Sallah muke ganinsa. Na same shi da la'asar ɗaya, na sallame shi da bakina.

Ga yadda kowa ya ƙare. Kakanku ya rasu da gangarsa a rataye, ba wanda ya gaje ta. Hinde tana aure a Faskari, har yau tana cewa ita ma ta taɓa zama makaɗiya. Tabawa ta tsufa, haƙora sun zube, bakin yana nan. Da hanyoyi suka lalace, bukukuwan ƙauye suka ja baya, ubanku ya dawo Ƙanƙara ya buɗe shagon gyaran lasifika, ya ɗauko ni daga Ketare. Tun daga ranar nan bai ƙara ajiye akwati a ƙasa ba, sai ya kife turmi ya ɗora shi, kuma ba ya fara kiɗa sai ya zagaya ya tsuguna a wurin maza, ya tsuguna a wurin masu tuwo. Har yanzu Innar Ketare yake ce mini, ko da yake na bar Ketare.

Yaya Ladi ta rasu da damina, tana jingine a jikina. Tabarmar tana wurina. Idan ya ɗauko jitar ranar Sallah don ku, kun sha ganin ina shimfiɗa ta can gefe, in zauna a rabi in bar rabi, kuna cewa tsufa ne. Rabin nata ne. Wata rana da ba kowa na matsa na zauna a wurinta, don in ji. Nata gefen ya fi daɗi. Ko a nan ma ta riga ni.